Allurar Gajiya da Kumburin da Ke Biyo Bayanta

Da yamma lis, lokacin da masu aikin rana ke fitowa daga ƙofofin kamfanonin Sharaɗa, masu aikin dare kuma suna shiga, ba kowa ne ke miƙewa gida ba. Wani ya tsaya wurin mai shayi, wani ya nufi masallaci, wani kuma ya ratse kemis. Wanda ya wuni yana lodin buhuna a mota a Bompai, ko yana tsaye gaban injin roba tun safe, ko yana jan jiƙaƙƙiyar fata a majemun Challawa, ba ya buƙatar dogon bayani. Zai ce wa yaron kemis jikinsa ko'ina ciwo yake, kuma gobe da asuba dole ya koma. Sau da yawa shi ne ma zai ce kada a ba shi ƙwaya, a yi masa allura, don ita ce ba ta ɓata lokaci.

Bayan kanta akwai labule, bayan labule akwai benci. A fasa wuyan 'yar kwalba ɗaya ko biyu, a zuƙe su a sirinji guda, mutum ya ɗan sassauta wando ya dafa bango. Fatar nan ta sha gumi da ƙurar wuni guda. Wani lokaci a goge ta da auduga mai sifirit, wani lokaci da busasshiyar auduga kawai. Hannun da ya riƙe sirinjin yanzun nan ya gama ƙirga canji. Kafin minti biyu an gama, mutum ya biya, ko a rubuta masa a littafin bashi zuwa ƙarshen wata. Bai tambayi sunan abin da aka zuba masa ba, ba a kuma faɗa masa ba. Cikin abubuwan da aka fi zuƙa don ciwon jiki akwai diklofenak mai kashe zogi, da deksametason, ɗaya daga cikin dangin magungunan da likitoci ke kira sitiroyid.

Allurar tana aiki, wannan babu musu. Washegari mutum yakan tashi garau ya kama hanyar kamfani, kuma mafi yawan lokuta maganar ta ƙare ke nan. Amma akwai ranar da wurin allurar ba ya lafawa. Kwana uku, kwana huɗu, sai a ga mutum yana zama a karkace, yana taka ƙafa a hankali, an tambaye shi ya ce babu komai. A zuciyarsa kuwa lissafi yake yi: ya je asibiti, ko ya ƙara jira ya gani? Na daɗe ina ganin cewa wannan jiran, wanda a ƙurjin yau da kullum bai cika zama matsala ba, shi ne ke kwantar da magidanta makonni a asibiti idan allurar sitiroyid ce sila. Dalilin yana cikin yadda maganin kansa ke aiki.

Maganin da ke rufe bakin ciwo

Sitiroyid ba mugun magani ba ne. Jikin ɗan Adam ma yana yin irinsa da kansa, a wasu ƙananan halittu guda biyu da ke zaune a saman ƙoda. A 1948 wani likita a Amurka mai suna Philip Hench ya gwada wani sitiroyid mai suna kotizon a kan wata mata da ciwon gaɓoɓi ya kwantar, cikin 'yan kwanaki ta miƙe da ƙafafunta, kuma a 1950 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu masu bincike biyu. A watan Yunin 2020, ana tsakiyar annobar korona, masu bincike na Jami'ar Oxford suka tabbatar cewa deksametason na rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai asma da numfashinsa ya sarƙe, da macen da naƙuda ta zo mata kafin lokaci, duk suna cin amfaninsa. A hannun wanda ya san shi, magani ne mai ceton rai.

Aikinsa shi ne danne kumburi. To kumburi kuwa, da zafi, da zogi, da zazzaɓi, su ne hanyar da jiki ke bi ya tura dakarunsa inda ƙwayar cuta ta shiga, kuma da su yake sanar da mai jikin cewa akwai matsala. Idan allura ta huda fata ta shigar da ƙwayar cuta cikin tsoka tare da sitiroyid, abu biyu ne suka faru a lokaci guda: ɓarawo ya shiga gida, an kuma ba maigadi maganin barci. Ƙwayar cutar da ta fi yin wannan ɓarna, wadda ake kira istafilokokas, a kan fatar mutane da cikin hancinsu take zaune lafiya lau. Ba ta buƙatar komai sai ƙofa. Da zarar ta samu wuri mai ɗumi can cikin nama, inda aka riga aka raunana garkuwa, sai ta yi ta hayayyafa, mutum kuma yana jin ɗan tsami kawai, jikinsa bai yi zafi ba, yana ganin da sauƙi.

Wasu nau'o'in ma da gangan aka haɗa su don su daɗe. Farin ruwan nan mai kauri da ake sayarwa da sunan Kenalog ko Kenacort, wanda ake yi a gwiwa ko kafaɗa, wasu mata kuma ke nema don hasken fata, yakan zauna a wurin makonni yana narkewa a hankali. Shi ya sa ƙurjin da ya biyo bayansa kan ɗauki mako biyu ko fiye kafin ya bayyana, lokacin da mutum ya riga ya manta an taɓa yi masa allura a wurin.

Akwai kuma ɗaya dangin, wanda samari masu ɗaga ƙarfe ke nema don ƙwanji ya fito: testosteron da 'yan uwansa irin su Sustanon da Deca-Durabolin. Waɗannan ba danne garkuwa ne babban aikinsu ba, amma hanyar da ake bi da su ta fi muni. Ruwan mai ne mai kauri, ana tura shi da yawa a cinya ko kafaɗa ko ɗuwawu, ana maimaita wuri ɗaya mako bayan mako. Wani lokaci kwalba ɗaya ce ke zagaya abokai uku ko huɗu, kuma mai yin allurar aboki ne da ya koya a waya. Da yawa daga abin da ke yawo a hannun samari babu wanda zai iya rantsuwa a kan inda aka haɗa shi.

Kwana biyun farko, da abin da ke bayansu

Ba kowane ciwon wurin allura ne cuta ba, kuma tsoratar da mutane a kan kowane ɗan tsami ba taimako ba ne. Ƙarfe ya huda nama, an tura ruwa a ciki, dole a ji. Ɗan ciwo idan an taɓa, ko ɗan ƙululu ƙarami, a ranar farko da ta biyu, abu ne da aka saba. Allurar da likita ke yi cikin gwiwa ma takan tayar da zogi a daren farko, sannan ya sauka cikin kwana biyu zuwa uku. Abin dubawa shi ne inda ciwon ya dosa. Na banza kullum raguwa yake. Wanda yau ya fi jiya, gobe kuma ya fi yau, musamman bayan kwana na biyu, wannan ba na jira ba ne.

Littattafan likitanci suna cewa a duba ja. A fatar yawancinmu ja ba ya fitowa sosai, kuma wannan kaɗai ya sa mutane da yawa suna makara. Abin da za a gani shi ne wurin ya ƙara duhu, ya yi tauri, fatar ta miƙe tana sheƙi. A ɗora bayan hannu a kai, sannan a ɗora a ɗaya gefen, za a ji bambancin zafi. Zogin yakan koma mai bugawa, ya hana barci, ya hana kwanciya ta wannan ɓangare. Kaluluwa na iya fitowa a matsematsi ko hammata. Akwai wata dabara da ma'aikatan jinya ke yi wadda kowa zai iya a gida: a zagaye iyakar kumburin da biro da dare, a duba da safe. Idan ya tsallake layin, an samu amsa. Zazzaɓi da ya kai 38 a ma'auni, ko rawar sanyi, ko tsakiyar kumburin ta yi laushi alamar ya ja ruwa, kowanne ɗaya daga cikinsu ya isa a nemi asibiti a ranar. Rashin zazzaɓi kuma ba shaidar lafiya ba ce ga wanda sitiroyid ke jikinsa.

Sannan akwai alamun da ba a jiran gari ya waye. Ciwon da ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, har mutum na ihu alhali kumburin bai kai ya kawo ba. Fata ta fara baƙi ko ta yi bororo, ko wani ruwa mai wari na tsatsafowa. Wannan na iya zama cutar da ke cin naman da ke ƙarƙashin fata, wadda ke yaɗuwa cikin awoyi, kuma babu abin da ke tsayar da ita sai tiyata. Idan mutum ya fara sambatu, ko yana haki, ko fitsarinsa ya ɗauke, ko hannuwansa sun yi sanyi jikinsa na rawa, cutar ta shiga jini. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kafa hujja da shi ya nuna cewa a 2017 irin wannan shigar cuta jini ta kashe mutum kusan miliyan 11 a duniya, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar. Gwiwar da aka yi wa allura ta kumbura, ta yi zafi, ta ƙi lanƙwasuwa, ita ma gaggawa ce, domin mugunya a cikin gaɓa na iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki, kuma guringuntsi ba ya dawowa. Haka idan muƙamuƙi ya fara riƙewa, baki ya ƙi buɗuwa: tetanus ke nan, kuma ƙazamar allura na cikin hanyoyinsa.

Mai ciwon suga ba ya cikin masu jiran kwana biyu. Sitiroyid na ɗaga suga, suga mai yawa kuma na taimakon ƙwayar cuta, ga shi akwai mutane birjik da ke da ciwon ba su sani ba. Mai sikila, mai ciwon ƙoda, mai ɗauke da cuta mai karya garkuwa, mace mai ciki, tsoho, ƙaramin yaro, da duk wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, wanda sau da yawa deksametason ne a ciki, su ma haka. Da zarar wurin ya yi tauri da zafi, a tafi.

Lissafin ɗan kwantiragi

Faɗin "je ka asibiti" ba shi da wuya ga mai albashi da katin inshora. A waɗannan unguwannin masana'antu abin ya sha bamban. Bompai ce ta fara tun ƙarshen zamanin Turawa, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya a shekarun arzikin man fetur, kuma akwai lokacin da aikin kamfani a Kano ke nufin ɗauka ta dindindin, da ƙungiyar ƙwadago, da ɗakin shan magani a cikin harabar kamfani. Tun daga tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wuta, da kayan waje masu araha, masaƙu da yawa suka rufe. A kamfanonin da suka rage, ma'aikata da dama ta hannun ɗan kwangila suke shiga, a biya su a rana ko a mako. Ranar da ba ka zo ba babu kuɗi. Ka yi kwana uku ba a gan ka ba, akwai samari tsaye a bakin ƙofa da sassafe suna jiran gurbinka.

Mutumin da ke zaune a Panshekara ko Dakata ko Ja'en, da mata da 'ya'ya da kuɗin haya, yakan tara lissafin kamar haka: kuɗin A Daidaita Sahu zuwa da dawowa, kuɗin kati, layin da zai cinye wuni, gwaje-gwajen da bai san nawa za su kama ba, magani, ga kuɗin ranar da ya tafi. A ɗaya gefen kuma kafso na 'yan ɗaruruwan naira da man zafi. Ba wauta ce ke sa ya zaɓi na biyu ba. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marasa lafiya yake fita kai tsaye. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ma ba kowane lebura ne ya gan shi ba. Kuskuren lissafin ɗaya ne: yana auna kuɗin asibiti na yau da kuɗin kafso na yau, alhali abin da ke gabansa shi ne wuni ɗaya yanzu ko wata guda a kwance nan gaba, da bashi, da aikin da ya riga ya tafi.

Doka ba ta yi shiru ba, sai dai kaɗan ne suka san abin da ta ce. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci damar karɓar albashinsa har na kwanakin aiki 12 a shekara idan rashin lafiya ta kwantar da shi, muddin likita mai rajista ya ba shi takarda. Mai kemis ba zai iya ba da wannan takarda ba, wanzami ma haka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kamfanoni zuba kashi ɗaya cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF saboda raunin da aka samu a bakin aiki, kuma ciwon bayan da ya kai lebura kemis tun farko ai a bakin aikin ya same shi. Tun 2022 dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta mayar da inshora wajibi, jihar Kano kuma tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. Duk wannan yana rubuce. Kamfanin da ke cin moriyar ƙarfin mutum wuni guda, ya kuma bar shi yana tsoron neman izinin zuwa asibiti, yana da hannu a jinkirin, ko da ba shi ya riƙe sirinjin ba.

Bayan kuɗi sai kunya. Wurin da ciwon yake ba wurin nunawa ba ne, kuma magidanci zai gwammace ya yi ta cije baki da ya kwance wando gaban ma'aikaciyar jinya sa'ar 'yarsa. Budurwar da ta yi allurar ƙiba ko ta haske gabanin biki tana tsoron uwarta ta sani. Saurayi mai ɗaga ƙarfe yana tsoron a ce masa ɗan ƙwaya. Wasu kuma sun taɓa shan faɗa a asibiti, an tambaye su wa ya aike su kemis, an yi musu tsawa gaban jama'a. Ina roƙon ma'aikatan lafiyarmu, waɗanda na san aiki ya yi musu yawa, su bar wannan tambayar sai bayan an fitar da mugunya. Duk wanda aka kunyata ya koma unguwa ya ba da labari, ya hana wasu zuwa.

Kafso, ruwan zafi da aska

Abin da aka fi yi a kwanakin jira shi ne gashi da tsumma da ruwan zafi, a shafa man zafi, a sayi Ampiclox guda huɗu ko shida a sha. Gashi mai ɗumi ba laifi ba ne a kwana biyun farko. Matsalar kafson ita ce, idan mugunya ta riga ta taru, ta zama aljihu rufaffe wanda jini ba ya ratsa cikinsa, maganin da aka sha kuwa ta jini yake tafiya. Sai ya taɓa gefe-gefe, zogi ya ɗan ragu, mutum ya ɗauka ya warke, ainihin tarin yana nan yana girma. Ga shi guntun magani irin wannan shi ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Mafi muni shi ne a koma kemis ɗin a ce allurar ba ta karɓe shi ba, a ƙara masa wata a ɗaya gefen, da sitiroyid ɗin a ciki.

Daga nan sai wanzami, ko sakiya. Wanzamai sun yi wa al'umma hidima tun kafin a san asibiti, kuma maruru na saman fata ba baƙonsu ba ne. Amma ƙurjin allura a can cikin tsoka yake, wani lokaci zurfin yatsa guda, kusa da manyan hanyoyin jini da babbar jijiyar da ke sauka daga ƙugu zuwa tafin ƙafa. Wannan jijiya ce idan allura ta taɓa ta ƙafa ke shanyewa, yaro ya riƙa jan ƙafa, abin da likitocin ƙashi da masu gashi suka sha gani. Aska a wannan wuri, ba tare da sanin abin da ke ƙasa ba, kasada ce. Matsawa da hannu kuma tura cutar ciki take ƙara yi.

Abin da ake yi a asibiti, idan an zo da wuri, bai kai abin da mutane ke tsoro ba. A auna zafin jiki da hawan jini, a ɗan huda yatsa a duba suga. Likita ya danna wurin da yatsu biyu ya ji ko akwai ruwa. Idan yana shakka, ya tura a yi sikanin, ko ya zura allura ya zuƙo ya gani. In ba a kai ga taruwa ba, magani ne na kwanaki cikakku, a ce ka dawo a duba. In ta taru, a kashe wurin da allura, a yi 'yar tsaga, mugunya ta fito, wani lokaci cikin kofi ko fiye, a ɗebi kaɗan a kai ɗakin gwaji don a san maganin da zai kashe cutar. A wanke ramin da ruwan gishiri, a cusa bandeji a ciki, a bar shi a buɗe. Mutane da yawa sukan yi mamaki da ba a ɗinke ba. Da gangan ne, don ya cike daga ciki zuwa waje, kada baki ya rufe a bar saura. Sau da yawa a daren ne mutum ke samun barcin da ya yi kwanaki bai yi ba. Abin da ya rage shi ne zuwa wankin ciwo, wanda ƙaramin asibitin unguwa ma zai iya. Wanda ya makara kuwa, ɗakin tiyata ne, da yanke mataccen nama sau ɗaya ko sau uku, da ƙarin ruwa, da ƙarin jini, wani lokaci har da yanko fata daga cinya a lulluɓe wurin.

Asibitocin ba su yi nisa ba. Daga Bompai, Asibitin Muhammad Abdullahi Wase na Nassarawa da Asibitin Sir Muhammadu Sanusi na 'Yankaba suna kusa. Daga Sharaɗa akwai Asibitin Murtala a cikin gari da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya, kuma suna karɓar gaggawa dare da rana. Mutanen Challawa da Panshekara za su iya farawa da asibitin gwamnati mafi kusa, a tura su gaba in abin ya fi ƙarfinsa. Idan gaɓa ce ko ƙashi, Asibitin Ƙashi na Dala. Mai tafiya ya riƙe kwalbar ko kwalin abin da aka yi masa in zai samu, a jiki za a ga an rubuta Dexamethasone ko wani sunan, ya kuma faɗi gaskiya: yaushe, sau nawa, wa ya yi. Likitan da bai san akwai sitiroyid a jiki ba zai iya ganin babu zazzaɓi ya ɗauka abin ƙarami ne.

Daga ina kwalbar ta fito?

Ba kullum hannu ko fata ke da laifi ba. A 2012 a Amurka, wani kamfanin haɗa magunguna a jihar Massachusetts ya rarraba allurar sitiroyid da naman gwari ya gurɓata. Ƙwararrun likitoci ne suka yi wa mutane ita a gadon baya da gaɓoɓi, a ɗakuna masu tsafta, amma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 753 da suka kamu a jihohi 20, 64 suka mutu. Wasu sai bayan makonni alamun suka fito. Idan haka ta faru inda ake bin diddigin kowace kwalba, mai karatu ya auna kwalbar da ta sha rana a rumfar kasuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumomi suka dage a kan tayar da kasuwar magani ta Sabon Gari zuwa cibiyar da aka gina a Ɗangwauro, har a Fabrairun 2024 NAFDAC da hukumar kula da harhaɗa magunguna, PCN, suka rufe shaguna fiye da 1,300.

Mai kemis na unguwa ba abokin gaba ba ne. Shi ne ke buɗe har sha biyun dare, shi ne ke ba da bashi, shi ne ya san sunan 'ya'yanka. Amma lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne, bai ba shi izinin yin allura ba, bai kuma ba shi izinin sayar da sitiroyid ba tare da takardar likita ba. PCN da hukumar jiha mai sa ido kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu, PHIMA, sukan kai samame su rufe wurare, sai dai muddin lebura na buƙatar abin da zai miƙar da shi kafin asuba, labulen zai koma wani lungun. Mafi ƙarancin abin da ake nema daga mai kemis mai tsoron Allah shi ne, ranar da wanda ya yi wa allura ya dawo da kumburi, kada ya ɓoye don kare kansa, ya rubuta masa sunan abin da ya zuba, ya ce masa ya tafi asibiti yanzu.

Bayan an fitar da mugunya da sauran aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana yin allura kusan biliyan 16 a duniya kowace shekara, kuma a 2010 kaɗai allurai marasa tsafta sun sa wa mutum kusan miliyan 1.7 ciwon hanta nau'in B, wasu har 315,000 nau'in C, wasu 33,800 cuta mai karya garkuwa. Allurar da ta yi ƙazantar da za ta kawo ƙurji tana iya kawo waɗannan, kuma su ba sa kumbura. Ya kamata a yi gwajinsu, a maimaita bayan 'yan watanni, musamman ga samarin da suka yi tarayya a kwalba ko sirinji. A tambayi likita batun rigakafin tetanus. Wanda kuma ya shafe makonni ko watanni yana karɓar deksametason, a allura ko a ƙwaya, har fuska ta yi fam, ciki ya fito, fata ta yi zane-zane, kada tsoro ya sa ya yanke shi rana ɗaya. Jikinsa ya daina yin nasa, yankewa farat ɗaya na iya sa jini ya faɗi mutum ya some. Likita ne ke rage shi daki-daki.

Ciwon baya da na gwiwar da suka fara kai lebura kemis suna nan ba su tafi ba, kuma mako biyu da komawa lodi za su sake tashi. A faɗa wa likita tun ana wankin ciwo, domin Dala da Murtala da Malam Aminu Kano duk suna da sashen gashi, inda ake koya wa mutum yadda zai ɗaga kaya da gwiwa maimakon ƙugu, a kuma duba ko akwai abin da ya goce a gadon baya. Kafin a bar asibiti a karɓi takardar hutu mai sa hannun likita da hatimi, a yi mata hoto a waya, sannan a miƙa wa ofishin ma'aikata ko ɗan kwangilar da ya ɗauke ka.